Littafin da Gara Ta Ci Sunan Mai Shi

Ran Talata, ranar da masunta ba sa taɓa teku,
Anti Adole ta hauro rumfata a Sabon Zangon Ankara
da ƙunshi cikin tsohuwar atamfa.
Ta ce, “Malam Tanimu, ɗinke min wannan,
amma kada ka yi masa ado.”

Na kwance. Waƙoƙi ne.
Gara ta ci bango, ta ci sunan mai shi,
ta bar mini rabin hula da kunne guda.

Na ce, wane ne?
Ta ce, “Namu ne, ’yan Kweka,
mu da ke zama ran Lahadi, ba limami, ba ganga,
mu yi shiru har shirun ya yi magana.
Kyandir yake yi a wani gari mai sanyi, hayin ruwa.
Shekara arba’in sukari bai hau harshensa ba,
ya ce a kowane cokali yana jin gumin wanda aka saya.
Maƙwabta suka daina sayen kyandir ɗinsa,
suka fasa masa taga sau uku.
Ya toshe da tsumma, ya ci gaba da rubutu
a bayan takardun bashi.”

Da dare na zauna da allura da tabarau,
ina ɗinki, ina satar karatu
da ɗan Turancin da na tsinta a bakin kasuwa.
Gaskiya ɗaya ce, ba duka ke tafiya daidai ba:
wani baitin na ɗingishi, wani ya cika wa’azi.
Amma akwai inda ya tsaya cak yana lissafi,
kuɗin yaro, kuɗin sirdi,
sirdin ya fi da sule biyu.
Bai ƙara komai ba.
A nan allura ta soke ni.

Don ni ma ina da akwati.
Ƙarƙashin gado yake, na kakan babana,
madugun goro, mai alheri, in ji kowa.
Takardun ajami, tawada ta koma ja:
gishiri kaza, goro ƙwarya kaza, jaki biyu,
sai layi ɗaya tsakanin jaki da gishiri:
mace guda, mai tsage uku, daga Salaga.

A gidanmu cewa ake “an kawo ta.”
Ba a faɗin wa ya kawo, ba a faɗin da igiya.
Nasamu aka sa mata.
Ita ta haifi kakana.
Kenan mai saye da abin saye
duk suna kwana cikin jijiyata,
kuma ban taɓa jin sun gaisa ba.

Wancan bature, jininsa bai shiga ciki ba,
ya bar shayinsa da ɗaci.
Ni da abin ke cikin ɓargona
cokali uku nake zubawa.

Ran Asabar ta dawo.
Farin zare, baƙin bango, gadon bayan ba rubutu.
Ta juya shi, ta shinshina, ba ta ce ya yi kyau ba.
Sai ta zauna a bencina, ta ɗora hannu bisa gwiwa.
Na zauna.
Motoci na ihun Kaneshi, mai waake na kankare tukunya,
mu ko uffan,
har ladan ya raba mu.

Bayan isha na jawo akwatin,
na kira ’yata Ladidi, na ɗora yatsanta kan layin.
Ta ce, “Baba, to mene ne sunanta na can,
wanda uwarta ta raɗa mata?”

Na duba takarda gaba da baya.
Lafiyarta ƙalau, ko huda babu.
Nasa sunan gara ta ci.
Nata, mu ne.